Silimarin, kurkum da man habbatus-sauda ga mai karɓar shimiyo: wanne ya cancanci kuɗinka a Maraɗi?

Da zarar an ce wane ya fara karɓar shimiyo, wato magungunan ciwon daji da ake sawa ta jijiya ko a ba shi ya haɗiya, sai dangi su bazama neman abin da zai kare masa hanta. Kafin ya dawo daga Yamai an tara masa kaya: kafson silimarin, wani sinadarin tsiro da ake sayarwa don hanta, daga farmasi, kwalbar kurkum mai masoro da ta shigo ta Ɗan Isa, man habbatus-sauda, garin zogale, da wata jarka marar suna da mai ita ke cewa wankin hanta ce. Kowane mai sayarwa hujjarsa ɗaya, wai an yi bincike. An yi kam. Amma kusan duka a jikin ɓera aka yi shi.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, cikin kayan nan silimarin kaɗai ya cancanci a saya, shi ma sai da sanin likitan da ke ba da shimiyon, kuma sai bayan an biya kuɗin awon jini. Kafson kurkum mai masoro a bar shi a kanti. Jarka marar suna ko kyauta aka ba ka kada ta shiga ɗakin majinyaci.

Abin da ɓera ya nuna

Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan nan, shi ya sa take shan wuya. Metotreksat yana taruwa a cikin ƙwayoyinta ya daɗe bai fita ba. Siklofosfamid ba ya fara aiki sai hanta ta juya shi, a wurin juyawar kuma ake samun wata guba mai suna akrolin. Merkaptofurin da asparajinaz da ake ba yara masu sankarar jini su ma suna taɓa ta. Sisplatin ya fi cutar ƙoda, doksorubisin ya fi cutar zuciya, amma hanta ba ta tsira daga gare su gaba ɗaya ba.

Yadda ake gwajin kusan iri ɗaya ne, a Masar ne, Turkiyya, Indiya ko jami'o'in Najeriya. Ana ɗaukar fararen ɓeraye na ɗakin gwaji, masu nauyin giram 200 ko kusa da haka, a raba su rukuni huɗu ko biyar, kowane rukuni shida zuwa takwas. Na farko ruwan gishiri kawai ake ba shi. Na biyu a soka masa metotreksat sau ɗaya a kogon ciki, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki. Sauran kuwa ana ɗura musu sinadarin tsiron ta baki kullum, kwana biyar, bakwai ko goma kafin allurar, a ci gaba ƴan kwanaki bayanta. Sannan a yanka su, a ɗebi jini, a ciro hanta a duba a madubin likita.

A jinin ana auna ALAT da ASAT, waɗanda kuke gani a takardar awonku. Su biyun a cikin ƙwayoyin hanta suke zaune, sai ƙwaya ta fashe suke malalowa cikin jini. A naman hantar kuma ana auna wani abu mai suna MDA, alamar kitsen bangon ƙwayoyin ya lalace, kamar man gyaɗa da ya daɗe a rana ya canza wari. Ana kuma auna glutatiyon, abin da hanta ke kashe guba da shi. Ɓeran da ya sha allura kaɗai, ALAT da MDA ɗinsa su hau, glutatiyon ya faɗi. Wanda aka riga aka ɗura wa silimarin, ko kurkumin na cikin kurkum, ko timokinon na cikin habbatus-sauda, ko kersetin irin na ganyen zogale da albasa, sai a ga ɓarnar ta ragu. An maimaita wannan sau da yawa, ba ƙarya ba ne. Silimarin ma shi ne ma'auni: in ana gwada sabon tsiro, da shi ake kwatanta shi, yawanci a miligiram 100 ga kilo.

To ina matsalar? Fara da yawan abin da aka ba ɓeran. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ita ce a raba adadin ɓera da 6.2 don a sami na mutum. Miligiram 100 na silimarin ya koma kusan 16 ga kilo, mai kilo 60 ke nan zai sha kusan miligiram 970 a rana, kafso bakwai na 140, fiye da ninkin abin da ake rubutawa. Kurkumin ana yawan ba ɓera har miligiram 200 ga kilo, wanda a jikin mai kilo 60 ya kai kusan giram 2 na tsantsarsa. Garin kurkum na kasuwa kuwa kurkumin ɗin cikinsa kashi 3 ne cikin ɗari ko kusa da haka, sai mutum ya ci giram sittin da wani abu kullum kafin ya kamo ɓeran. Ƙaramin cokali a kunu bai kama hanya ba.

Sannan ɓeran matashi ne, hantarsa garau, bai taɓa cin gyaɗa mai fumfuna ba, ba ya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, allura ɗaya aka yi masa, kuma an fara kare shi tun kafin a cutar da shi. Majinyacinmu yana komawa duk mako uku, wata shida ko fiye, da magani biyu ko uku a haɗe, kuma sau da yawa sai ALAT ta hau ake tuna silimarin.

Babban giɓin shi ne ɓerayen nan ba su da ciwon daji. Gwajin ya nuna tsiron ya kare ƙwayar hanta daga gubar shimiyo, bai duba ko ya kare ƙwayar dajin ita ma ba, alhali wasu magungunan ta hanyar da suke ƙona hanta suke ƙona dajin. Inda aka duba, ba kullum amsar ke da daɗi ba. A 2002 masu bincike a Jami'ar North Carolina sun dasa wa ƙananan ɓeraye sankarar mama ta mutum, suka zuba musu kurkumin a abinci, sai siklofosfamid ya kasa motse ƙarin yadda ya saba. Siklofosfamid kuwa yana cikin haɗin da ake yawan ba mata masu sankarar mama. A 2009 an nuna cewa EGCG, sinadarin koren shayi, yana manne wa wani maganin daji mai suna bortezomib ya kashe masa aiki. A wajen mutane ma, wani bincike na Amurka da ya fito a 2020 ya bi mata 1,134 masu sankarar mama, ya ga waɗanda ke shan ƙarin bitamin A, C, E da ire-irensu kafin shimiyo da lokacinsa ciwon ya fi yawan dawo musu. Bin sawu ne aka yi, ba gwajin raba rukuni ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata.

Silimarin

Daga irin wani tsiro mai ƙaya na yankin Bahar Rum ake tatso shi. A kwalin Faransa za ka ga an rubuta chardon-marie, a na Ingilishi milk thistle. Ba sinadari ɗaya ba ne, haɗi ne, babbansu silibin. Sunan da aka fi sani shi ne Legalon, wanda kamfanin Madaus na Jamus ya fara yi, yana zuwa a miligiram 70 da 140. Abin da ake rubuta wa babba bai wuce 140 sau uku a rana ba, 420 ke nan. Karanta takardar cikin kwalin, ba za ka ga an ce yana kare mai shimiyo ba, domin ba a kan haka aka yi masa rajista ba.

Abin da ya sa muka fifita shi kan sauran shi ne an gwada shi a jikin mutane masu karɓar shimiyo. A 2010 likitocin Jami'ar Columbia da ke New York sun fitar da sakamakon gwajin yara 50 masu sankarar jini waɗanda hantarsu ta riga ta taɓu. Wasu aka ba su miligiram 5.1 ga kilo kullum na kwana 28, sauran aka ba su kafson da ba magani a ciki. Ranar 28 babu bambancin kirki. Ranar 56 ASAT ta fi sauka a wajen waɗanda suka sha na gaske, ALAT ta ɗan karkata amma ba ta kai a kafa hujja da ita ba. An rage wa kashi 61 cikin ɗari na masu shan sa ƙarfin shimiyo, a ɗayan rukunin kashi 72, tazarar da a yara 50 za ta iya zama dace kawai. Irin da suka sha kuma an haɗa silibin ɗin da wani kitse ne don hanji ya fi tsotse shi, ba irin kafson da aka saba gani ba. A 2005 kuma an ba masu ciwon daji shida miligiram 200 sau uku a rana tare da maganin shimiyo mai suna irinotekan, bai sauya yadda jiki ke fitar da maganin ba. Mutum shida kaɗan ne, amma ko wannan babu shi a kan yawancin kayan da ake tallatawa.

Ga ɗaya gefen. A 2012 an gwada shi a Amurka kan mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C, wasu 420 wasu 700 sau uku a rana, mako 24. Mutum biyu-biyu ne kawai a kowane rukuni suka kai saukar ALAT da ake nema, har da rukunin da aka ba kafson da ba magani a ciki. Wannan shi ne sinadarin da ya fi kowanne suna a jikin ɓera.

Saboda haka matsayinsa a wajenmu: ba ya yawan cutarwa, yana iya ɗan taimakawa, ba ya maye gurbin komai. Illolin da aka sani su ne sakin ciki, kumburin ciki, tashin zuciya, wani lokaci ƙaiƙayi ko borin jini. Yana iya ɗan sauke sukari, mai ciwon suga da ke shan magani ya riƙa aunawa. Mace mai shan tamoksifen, maganin sankarar mama, ta tambaya tukuna, domin a jikin ɓera silibin ya ƙara yawan tamoksifen a jini.

Wajen saye ne aka fi cutar mutane. Lambar da ke gaban kwalba ba ita ce ta silimarin ba. Kwalbar da ta ce miligiram 500 na garin irin tsiron, ainihin silimarin ɗin ciki bai fi miligiram 8 zuwa 15 ba, domin irin kashi 1.5 zuwa 3 cikin ɗari yake ɗauke da shi. Wadda ta ce miligiram 175 na tatacce mai kashi 80 cikin ɗari, 140 cif take bayarwa. Ta biyun ta fi ta farko kusan sau goma, ko da yake ta farkon ta fi babbar lamba, kuma yawanci ita ta fi araha. Juya bayan kwalba ka nemi kalmar silymarine da miligiram ɗinta. In babu, mayar. Shayinsa kuwa asarar kuɗi ce, silimarin ba ya narkewa a ruwa.

Duba lambar rukunin bugu da ranar lalacewa, su zo daidai a kwali da kan fakitin ciki. Na Najeriya masu lambar hukumar magunguna ta NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an yi musu rajistar kayan gargajiya, ba shaidar suna warkarwa ba ce, kwalin kansa yakan faɗi cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma magani ne da ake so a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Wanda ya wuni a faranti ana yawo da shi cikin zafin Afrilu, lokacin da Maraɗi ke haura 40, ko sahihi ne ya sha wahala. A farmasi mai rajista za a saya.

Sauran kayan

Kurkum a miya ko a shinkafa ba shi da laifi. Kafson ne abin tsoro, musamman mai masoro. Hanji ba ya tsotse kurkumin sosai, shi ya sa ake haɗa shi da piperin na masoro, wanda wani gwaji na 1998 ya nuna miligiram 20 nasa ya ninka kurkumin a jini kusan sau ashirin. Yana yin haka ne ta hanyar danne aikin hanji da hanta na sarrafa sinadarai, kuma ba kurkumin kaɗai ke bin wannan hanyar ba, har da wasu magungunan asibiti. A 2019 an sami mutane sama da ashirin a Italiya da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, a 2022 hukumar lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta yi gargaɗi a kansu. A Rotterdam ta ƙasar Holand an ga kurkumin mai piperin ya rage sinadarin da tamoksifen ke komawa ya yi aiki a jikin mata. Iyakar da masana na duniya suka sa wa kurkumin ita ce miligiram 3 ga kilo a rana, 180 ga mai kilo 60, kafso ɗaya kuwa yakan ɗauki 500. Abin da aka saya don kare hanta, shi ne a jerin masu kumbura ta.

Habbatus-sauda tana da daraja a zukatanmu, ba mu zo rage mata ita ba. Maganar man kwalba muke yi. Timokinon ɗin cikinsa ya bambanta ƙwarai daga kwalba zuwa kwalba, haske da zafi na lalata shi, kuma da wuya ka ga an rubuta adadinsa. Wanda bai san abin da ke cikin cokali ba ba zai iya kwatanta shi da na ɓera ba. Ƴan ƙwayoyi a abinci ba damuwa. Cokali-cokali safe da yamma a makon allura, sai likita ya sani.

Zogale abinci ne, kuma mai shimiyo na buƙatar abinci fiye da kowane kafso. Muna da shi ɗanye shar daga lambunan Jiratawa, ba dalilin sayen kafsonsa da tsada. A dafa shi sosai. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan allura fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa, a wannan lokacin ɗanyen garin da aka shanya a fili ƙura da ƙuda suka bi ta kansa na iya jawo gudawa da zazzaɓi mai kwantarwa. A kula da ƙuliƙulin kwaɗon. Gyaɗar da ta sha damshi tana yin fumfuna mai fitar da aflatoksin, gubar da ke haddasa dajin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A tsince masu baƙi, masu ɗaci da motsattsu kafin a soya.

Shayin da ake dafawa a majalisa ba shi ne matsala ba, in ba bortezomib mutum ke karɓa ba. Kafson koren shayi ne hukumar abinci ta Turai ta ce a 2018 daga miligiram 800 na EGCG a rana yana ɗaga ALAT.

Jarkar wankin hanta ba ta da abin dubawa. Ba sunan tsiro, ba adadi, ba ranar haɗawa.

Inda kuɗin ya fi amfani

A ƙasarmu abin da ya fi barazana ga hantar mai shimiyo sau da yawa ba shimiyon kansa ba ne, ciwon hanta nau'in B ne, wato hepatit B, da ke kwance. Nijar na cikin ƙasashen da ya yi yawa, mutum na ɗauke da shi tun yana jariri bai sani ba. Shimiyo da kortizon da ake haɗawa da shi suna danne garkuwar jiki, ƙwayar ta hayayyafa. In aka tsaya garkuwa ta farfaɗo, sai ta far wa ƙwayoyin hantar da cutar ta cika. Mutum ya gama allurarsa ana murna, bayan ƴan makonni ido ya yi rawaya. Ba a nuna silimarin yana hana wannan ƙwaya tashi a jikin mutum ba. Abin da ke hana aukuwar haka shi ne awon jini na gano ƙwayar, wato AgHBs da anti-HBc, kafin allurar farko, in an samu sai likita ya sa maganin danne ta, tenofobir miligiram 300 ko entekabir 0.5 sau ɗaya a rana, a ci gaba har aƙalla wata 12 bayan an gama. Ƙungiyar likitocin daji ta Amurka tun 2020 ta ce a yi wa kowane mai fara shimiyo wannan awo. Mai karɓar maganin daji mai suna rituksimab ya fi kowa buƙatarsa. Ko a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ake bin ka, ko a nan gida, duba takardunka ka ga ko an yi. In ba ka gani ba, tambaya ba rashin kunya ba ce: "Likita, an auna mini hepatit B kuwa?"

Akwai kuma dalilin da ya sa ɓoye wa likita abin da ake sha a gida ke da tsada. Da awon jini yake yanke adadin magani. ALAT da ASAT iyakarsu wajen 40 ce a yawancin ɗakunan awo, in sun ninka sau biyar yakan ɗage allura. Doksorubisin ana raba shi biyu in bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, ta kai miligiram 1.2 zuwa 3 a desilita, a bar kashi ɗaya cikin huɗu in ta kai 3.1 zuwa 5, sama da haka ba a bayarwa. To in kafson kurkum ne ya ɗaga lambobin, likita bai san da shi ba, shimiyo zai ɗora wa laifi, ya rage ko ya ɗage. Majinyaci ya yi kuɗin mota zuwa Yamai a banza, ciwon kuma ya sami hutun makonni.

Magungunan da ba a ɗauka a bakin komai su ma suna ciki. Parasetamol kada ya wuce giram 3 a rana, a tuna maganin mura da yawa na ɗauke da shi, kuma a auna zafin jiki kafin a sha don kada ya ɓoye zazzaɓi. Mai karɓar metotreksat kada ya sha diklofenak, ibuprofen ko kotrimoksazol da kansa, suna hana maganin fita ko su ƙara masa dafi. Giya kam babu ita sam.

In likita ya amince da silimarin, a fara da awon ALAT, ASAT da bilirubin a ajiye takardar. A fara shi shi kaɗai, ba tare da wani sabon abu ba, don in wani abu ya canza a san mai laifi. A tsaya kan kamfani ɗaya da adadi ɗaya, a tambayi likitan ko za a dakata ranar allura da kwana ɗaya ko biyu kewayenta. Ana maimaita awo kafin kowace allura dama, sai a jera takardun a kwatanta. In an yi zagaye biyu lambobin ba su motsa ba, a daina, kuɗin ya koma ƙwai, kifi da wake. Yaro kuwa da kilo ake lissafa nasa, likitan yara ne zai rubuta, ba a ɓare kafson babba a raba masa.

Ido ko tafin hannu ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya game jiki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jini daga dasashi, barcin rana da ruɗewa, ko zafin jiki ya kai 38: a dakatar da duk wani abin sha na gida, a tafi asibiti a ranar ko da dare ne, a zuba kwalabe da ƙulle-ƙullen duka a leda a tafi da su tare da takardar awon ƙarshe.